Maigandi da Igiyoyin Kawu Hodi

Duk wanda ya san Maigandi a Gwadangaji zai gaya maka abu ɗaya, mutumin nan bai iya zama ba. Ba ciwo ba ne, ba kuma iskokai ba, ko da yake mahaifiyarsa, wadda kowa ke kira Umma, ta sha kai shi wurin malamai kan batun tun yana ƙarami a Augie. Haka Allah ya yi shi. Tuwo a tsaye yake ci, kwano a hannun hagu, ƙafa ɗaya ta riga ta kai zaure. In ka tare shi da gaisuwa, kafin ka kai ga tambayar iyali ya amsa maka ta gajiya da ta aiki da ta gida gaba ɗaya, ya buga babur ya bar ka da baki buɗe. Ko a sahun salla sai ka ga babban yatsan ƙafarsa na motsi.

Su biyu ne maza a gidansu. Da mahaifinsu ya rasu, babban, Nasrullahi, ya riƙe fadamar shinkafa da iyali, ƙaramin kuwa aka tura shi makarantar kwana. Daga nan bai ƙara yin damina guda cikakkiya a gida ba. Ya yi akawu a Sakkwato, ya ce kujera na ƙona shi. Ya koyar da lissafi a wani ƙauye, yara suka so shi, ya bar su zango bai ƙare ba. Ya taɓa sayar da kayan babur, ya taɓa kiwon kaji, kajin ma sun fi shi haƙuri. Da aka yanke jihar Kebbi daga Sakkwato, jama'a suka kwararo Birnin Kebbi da katifu da akwatuna a kan motoci, Maigandi na cikinsu, bai ma san me ya zo yi ba.

A lokacin kowa a garin takarda yake so a buga masa. Wani mutumin Filato mai suna Cornelius ya buɗe shago kusa da kasuwa, da kwamfuta biyu da ɗan janareta mai tari, yana buga takardu yana kuma koya wa mutane. Maigandi ya shiga ya ga yadda abin yake, da niyyar ya fita bayan la'asar. Sai ga shi ya shekara, ya ƙara wata shekarar, ya sake ƙara wata. Umma da ta ji labari ta ce lallai a binciki Kiristan nan, don ya san abin da malamanta ba su sani ba.

Ba Cornelius ne ya riƙe shi ba, wani faifan kwamfuta ne da Cornelius ɗin ya zo da shi tun daga jami'a. A cikinsa akwai wani yaren kwamfuta da ba a buga takarda da shi, rubutunsa duk baka biyu cikin baka biyu. Yaren yana da ɗabi'a guda. Ba ka cewa na'ura ta ajiye lamba a nan, ta goge, ta rubuta wata. Sai dai ka ƙera 'yan ƙananan ayyuka, kowane da abin da ya sani. Ka ba shi abu, ya miƙo maka wani, bai taɓa wanda ka ba shi ba. Sa'an nan ka jera su, wannan ya miƙa wa wancan, kamar masu miƙa tubali a wurin gini. In ka ba aikin abin da ka ba shi jiya, amsar jiya zai ba ka, ko bayan shekara ne. Mutumin da kullum ke sake shawara ya tarar da abin da ba ya sake magana, ya ko so shi ƙwarai. Ko a gaban na'urar ma a tsaye yake, ya sunkuya kan madannai, kujera na gefe tana hutawa.

Wata rana kasuwa ta yi sanyi, Cornelius ya ba shi ɗan gwaji. Ya ce ga jerin lambobi biyu, a faɗi nisan da ke tsakaninsu.

"Oga, nisa ai tsakanin gari da gari a ka hwaɗi," in ji Maigandi.

"Lambobi ma suna da nasu, Malam. Gwada ka gani."

Kafin azahar ya ƙera abin. Aiki na farko yana haɗa lambobin biyu-biyu, ta farko da ta farko, ta biyu da ta biyu, inda gajeren jeri ya ƙare ya tsaya. Na biyu yana cire wannan daga waccan. Na uku yana ninka ragowar da kanta, don kada a damu da wadda ta fi girma. Na gaba ya tara su duka, na ƙarshe ya nemo lambar da in an ninka ta da kanta za ta ba da jimillar. Lamba ɗaya tak ke fitowa. In ƙarama ce, jerin biyu sun yi kama. In babba ce, sun yi hannun riga.

Wani zai yi murna ya koma bakin aikinsa. Maigandi kuwa ya hau zagaya shagon yana tunanin inda zai kai wannan sabon kaya, har tunaninsa ya sauka a gida, kan rigimar da ake yi duk shekara.

Shinkafa iri biyu ce. Akwai doguwa ja, ta gado, wadda Umma ta zo da irinta daga gidan ubanta, tana ajiye shi a wata babbar randa a ɗakinta. Wannan in ruwa ya hau ita ma sai ta hau, ba ta nutsewa, amma hatsinta kaɗan ne. Akwai kuma gajera, sabuwar shigowa, mai cika buhu har mutum ya rasa inda zai sa, sai dai in ruwa ya haye kanta an gama magana. Nasrullahi yana da bakuna da yawa a gida, kullum ransa na kan gajera. Umma ta ce ba a fadamar mijinta ba. Duk shekara sai ya yi ƙunƙuni, ya shuka doguwa, ya kalli buhunan maƙwabta ya haɗiye yawu. Abin da ya hana shi saɓa mata ɗaya ne, ba wanda ya san yawan ruwan da gulbi zai kawo.

To, a Argungu akwai yayan Umma, Kawu Hodi, mai fito da kwalekwale. A mashigarsa akwai wani gungumen giginya a kafe, an sassare shi taƙi-taƙi daga ƙasa zuwa sama. Kowace Juma'a bayan an sauko daga masallaci sai Hodi ya duba inda ruwa ya kai, ya ɗauko igiyar tsohuwar komar kamun kifi ya ƙulla mata ƙulli daidai yawan taƙin. Shekara ɗaya igiya ɗaya. Wurin ubansa ya gaji abin, don ya san lokacin da zai matsar da mashiga sama ya fito da babban jirgi. Igiyoyin suna rataye a bukkarsa, sun yi baƙi da hayaƙi. Maigandi ya gan su tun yana yaro, bai taɓa kulawa ba, sai ranar nan ya gane jerin lambobi ne. In ya auna ruwan bana, ya nemi nisansa da kowace igiya, wadda ta fi kusa ita za ta nuna masa irin shekarar da ake ciki.

Juma'ar da ta biyo ya dira a mashigar, bai ko kashe babur ba.

"Kawu, ina igiyoyin nan naka?"

"Suna ɗaka," in ji Hodi. "Kashe abin ga ka zamna, in gwada maka yadda a ka hwara su."

"Wata rana, Kawu. Ƙulli guda taƙi guda, ko ba haka ba?"

"Haka na."

"Kowace Juma'a gungu guda?"

"Awo. Amma dai ka..."

"To ai shi ke nan."

Ya shiga bukkar, ya ƙirga ƙulle-ƙullen a tsaye, igiya bayan igiya, yana rubutawa a bayan tsofaffin takardun shago. Tsohon ya bi shi da ido, ya girgiza kai, ya koma ɗinkin komarsa. Ya saba da ɗan ƙanwarsa.

Da watan Mayu ya kama, kalandar shago ta ce damina ta kusa, Maigandi ya buɗe nasa jerin na bana. Kowace Juma'a yana kan hanyar Argungu. Ya tarar da gungumen tsaye a busasshen yashi, mutane na ƙetarewa da ƙafa, awaki na wucewa ta gindinsa. Hodi ma ba ya nan, yana can gonar albasarsa. Maigandi ya rubuta sifili, ya juya. Mako ya zagayo, ya sake rubuta sifili. Ruwan bana ya makara sosai, sifilan suka yi ta jeruwa. Can daga baya jan ruwa ya iso, wato ruwan farko mai laka da ke gangarowa daga gabas, lambobi suka fara tashi.

Lokacin shuka na matsowa, ya zuba komai cikin na'ura. Amsa ta fito ba gardama. Igiyar da ta fi kusa da bana ita ce ta wata shekarar fari, wadda Hodi ke cewa jirginsa ya kusa manta ruwa. Sauran duk sun yi nisa. Maigandi ya buga tsalle har ya ture kujera.

Cornelius ya leƙo ta kafaɗarsa ya ce, "Malam, a hankali. Wannan abu kama kawai ya nuna maka. Bai ce ya ga gobe ba."

"Oga, shi dai ba shi ƙarya."

"Ba ya ƙarya, gaskiya ne. Amma abin da ka ba shi ne yake ci."

Rabin maganar a bayan Maigandi ta faɗi, ya riga ya kai bakin ƙofa.

A Augie ya tarar da Nasrullahi a tsakar gida yana gyaran ƙotar fartanya, Umma na zaune a inuwa tana tsince wake. Ya yi musu bayani yana kai da kawowa, yana zane a ƙasa da tsinke. Bana ruwa kaɗan ne. Gajera ba za ta nutse ba. Doguwa ma wahala za ta sha.

"Na'urar taka ta taɓa shiga gulbi?" in ji Umma.

"Umma, igiyoyin Kawu na ta duba. Ba daga kaina nib ba ta ba."

Jin sunan yayanta ya sa ta bar gardama, ta koma kan wakenta. Nasrullahi ya ajiye fartanyar, ya dubi ƙanensa da wani irin kallo da Maigandi bai taɓa samu daga gare shi ba. A gidan nan shi ne ɗan da ake wa dariya, mai fara abu ya bari. Yau yayansa na tambayarsa kamar babban mutum.

"Ka tabbata, Maigandi? Abincinmu na shekara na hwa."

"Na tabbata, Yaya."

Ya ji daɗin faɗar haka, daɗi mai yawa, har ya ji ƙirjinsa ya buɗe. Umma ta tashi, ta kwaɓa laka ta liƙe bakin randarta. Ta ce sun girma, su yi yadda suka ga dama, irinta zai jira baɗi in Allah ya kai rai. Nasrullahi ya dasa gajera a fadamar daga wannan gefe zuwa wancan, bai bar ko kunya ɗaya ba.

Shinkafa ta kama, ta yi kore shar, har masu wucewa na tsayawa kallo. Maigandi bai daina zuwa Argungu ba, amma yanzu da wata 'yar damuwa yake komowa, don lambobin na hawa da sauri fiye da yadda ya so. Wata Juma'a cikin Agusta ya iso daidai lokacin da Hodi ke ƙulla igiyar bana. Hannun Maigandi da ba ya zama ya kama jelar igiyar yana wasa da ita, yana ƙirga gungun ƙulle-ƙullen ba da niyya ba. Ya kai ƙarshe, ya sake ƙirgawa. Ya zaro takardarsa. Jerinsa ya fi igiyar tsawo nesa ba kusa ba.

"Kawu, ka tsallake wasu Juma'o'i?"

"Ni? Ban taɓa ba."

"To ina na watan Mayu? Ina na lokacin da babu ruwa?"

Hodi ya dube shi da mamaki. "Igiya ba ta hwarawa sai jan ruwa ya iso. Kahin nan mutane da ƙahwa su ka ƙetarewa, mi za ni ƙullawa, yashi? Ai na zaci ka sani, kai da ka tashi bakin gulbi."

Maigandi ya sake duban takardarsa. Kowace igiya daga ranar jan ruwa ta fara, shi kuwa daga kalanda. Ke nan aikin nan nasa na farko, mai haɗawa biyu-biyu, ya ɗauki sifilansa na busasshen yashi ya aura wa makonnin da ruwa ke gudu a sauran shekarun. Dole bana ta yi kama da fari.

"Kawu, ruwa mai yawa na tahe?"

"Allah shi as sani. Ni dai ƙulli ni ka yi, don in san ran da za ni ɗaga mashiga. Bana kam na ɗaga ta tun da wuri."

Yadda ya iso Birnin Kebbi a ranar, shi kansa bai san shi ba. Ya tarar Cornelius na shirin rufe shago, ya roƙe shi ya tayar da janareta. Ya yanke sifilan daga kan jerin, ya tsayar da shi daidai inda yake ranar da ya je Augie da albishir, don ya ga abin da na'urar za ta ce da ya ba ta daidai. Bai taɓa ko ɗaya daga ayyukan ba, don babu abin gyara a cikinsu. Amsa ta fito nan take, da natsuwar da ta fito da ta farko. Shekarar fari ta koma can nesa. Wadda ta matso kusa ita ce igiyar nan mai manyan gungu, ta shekarar da Hodi ya ce ya tuƙa jirgi har ƙofar gidansu. Ruwan bana ya makara, amma da ya zo da gudu ya zo.

Cornelius ya daɗe yana kallon allon. Bai ce ai na gaya maka ba, mutum ne mai kirki. Ya ce, "Wannan ma kama ne, Malam. Wataƙila ba zai kai haka ba." Sa'an nan ya ce ya tafi gida, shago zai jira.

Da sassafe ya kama hanyar Augie. Sau da yawa a hanya ransa ya raya masa ya juya, ya yi shiru, in ruwa ya zo a ce ikon Allah ne, ba wanda zai sani. Tsoro yake ji, da kunya wadda ta fi tsoron. Amma ya wuce. Ya tarar da Nasrullahi cikin fadama yana cire ciyawa, ruwa ya kai masa idon sawu.

"Yaya, na yi kure."

"Kure na mi?"

"Lissahin nan. Ba daga inda ya kamata nih hwara ba. Da alama ruwa na tahe, mai yawa."

Nasrullahi ya miƙe a hankali, ciyawa a hannunsa tana ɗiga. Ya dubi shinkafarsa har iyakar ganinsa, ya dubi gefen gulbi.

"Doguwa ba ta shukuwa yanzu. Ka sani."

"Na sani."

"To mi kaz zo in yi?"

Maigandi ya so yayansa ya zage shi, ko ya mare shi, da ya fi sauƙi. Nasrullahi ya yar da ciyawar, ya ce ya je gida ya ɗauko kwanduna da buhuna, za su tare ta gefen gulbi da ƙasa.

Suka yi ta jibgar ƙasa, su da 'ya'yan Nasrullahi da wasu maƙwabta. A wannan aikin kam rashin zaman Maigandi ya yi rana, yana kai kwando biyu kafin wani ya kai ɗaya, har fatar kafaɗarsa ta saɓule. Ganuwar ta tashi, ta riƙe na ɗan lokaci, mutane suka fara sa rai. Sai wata safiya suka fito suka tarar ruwa bai ma kula ta ba, ta bayan gonar maƙwabci ya zagayo. Suna tsaye a kan tudu suna kallo kan shinkafar ya yi ta raguwa, zuwa la'asar babu komai sai ruwa shimfiɗe. Can gefe, a gonar wani tsoho da bai sake iri ba, doguwa na kaɗa kai a saman ruwan.

Ba wanda ya ce wa Maigandi kome, abin da ya fi cin ransa ke nan. Ya koma Birnin Kebbi, ya riƙa aiko da abin da ya samu, gero ne, masara ce, amma abin da mai buga takarda ke samu ba ya riƙe gida irin wannan. Juma'a ta daina ganinsa a Argungu. Augie ma sai ya riƙa neman dalilin ƙin zuwa, yau aiki, gobe babur ya lalace, har bazara ta kawo kai, Umma ta aiko a ce masa tana nemansa.

Ya iso da rana tsaka, ya gaishe ta a tsaye yadda ya saba, makullin babur na kaɗawa a yatsansa. Matar Nasrullahi ta kawo kwano ta ajiye a kan tabarma. Ya sunkuya zai ɗauka, ya buɗe murfin, sai hannunsa ya tsaya. Tuwon shinkafa ne, ja. Bana ba a girbe ko zangarniya ɗaya ta doguwa a gidan nan ba. Ya juya ya dubi ƙofar ɗakin Umma. Randar na nan inda take, lakar bakinta a farfashe a ƙasa, an jingina murfin a bango.

"Umma, irin na?"

"Shi na. Gero ya ƙare, yara ba su kwana da yunwa ina da hatsi ɗaka."

"Ba ki rage ko kaɗan ba?"

"Wanga na ƙarshe na. Shi yas sa nic ce a kira ka, don kai ma ka ci. Na gidan ubana na, ba ka ƙara cin irinai."

Ba da faɗa ta faɗa ba. Ta matsa gefe, ta buga tabarmar kusa da ita da tafin hannu.

"Zamna ka ci."

Maigandi ya ajiye makullin a ƙasa, ya zauna. Gwiwarsa ta fara rawa, ya dafe ta da hannun hagu. Ya yanko loma ya kai baki, tuwon da daɗi, daɗin da ya sani tun yana yaro. Umma ta tura masa kofin ruwa, ta ce kada ya bar saura. A waje yara sun hau babur ɗinsa suna ta danna ham, bai tashi ba.